Mudun Obadiya

Mudun da babana ya bar mini na ƙarfe ne,
bakinsa ya cinye, fentinsa ya tafi.
Shekara talatin da ɗoriya a kasuwar Kaltungo
yana shiga buhu yana fita,
amma ƙasansa a shafe yake kamar tafin hannu,
bai taɓa sanin guduma ba.

Obadiya mai hatsi, dattijon ikilisiya,
mai rigar Lahadi ɗaya tal.
In ya cika mudu sai ya yi masa tozo,
ya tare da hannu,
ya haɗa maka da abin da hannun ya tare.
Yakan ce, Keziya, mai saye bakin mudu yake kallo,
Ubangiji kuwa ƙasansa.

Na ji. Amma ai ina da ido.
Waɗanda suka lotsa nasu sun yi rufin kwano,
sun sayi babur, sun aurar da ’ya’ya da kiɗa.
Mu damina ta jinka take shigo mana,
mu tare ta da kwanon tuwo.
Ya rasu asibiti na binsa bashi.
A bakin kabari aka ɗauki waƙar amincin Allah,
bakina ya amsa,
cikina yana cewa: ina yake?

Bara da Nahum ya kwanta,
aka ce jini leda biyu, kuɗi a hannu,
na fita da mudun bayan ɗaki cikin dare,
na kifa shi, na ɗaga taɓarya.
Sau uku kacal.
Ko kaji ba su farka ba.

Wata biyu ina awo da shi.
Tsawa ba ta faɗo ba.
Yaro ya miƙe, gero ya yi kai,
har ranar zumuntar mata na hau bagadi
na yi karatu, muryata ko rawa.

Sai ga Goggo Dudu ranar kasuwa,
wadda idonta ya rufe tun ina goye,
jikanta na jan ta da kara.
Dawa mudu biyar, kamar kullum.
Ta ɗora ƙwaryar a ka, ta yi jim, ta sauke.
Ta ce, ’yar Obadiya, yau wa ya auna mini?

Ba ta ƙara ba.
Ta kwance bakin zane, ta biya cif, ta tafi.

Ya Ubangiji, daren nan na yi lissafi.
Duk kwanakin da nake tsakurar bayinka tafi-tafi,
ranarka ba ta makara a kan dutsen Kilang ba,
ruwanka bai tsallake gonata ya faɗa ta maƙwabci ba,
numfashin ɗana ba ka rage ko ƙwaya ba.
Ni ina lotsa nawa,
kai kana yi mini tozo,
kana tarewa da hannun da aka huda domina.
Da a ce da mudu na ka auna mini,
da me zan kai gida?

Da asuba na kai shi maƙerar Kefas.
Bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba.
Ya daddake shi ya dawo daidai,
sai dai tabo uku da suka ƙi fita.

Na kai wa Goggo cikonta har ruga.
Ta shafa dawar, ta ba ni nono.
Sauran masu sayen ban san ƙofarsu ba,
sai in riƙa ƙara wa wanda ya zo,
ko Allah zai sa ya zaga ya same su.

Har yau ɗakina na yoyo ta gabas.
Har yau ban gane dalilin bashin Baba ba,
kuma in mun haɗu sai na tambaye ka.
Amma gari ya waye, an buɗe rumfa.
Na kwance bakin buhu,
babban yatsana a kan tabon,
na nutsa mudu.